Hoton Malam Ya Fashe

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na fiye wahalar da Nusaiba, ku yi haƙuri, yau ma ban zo da sauƙi ba. Ke kuma Maman Khalid da kika rantse in idon Umma ya rufe za ki fita daga gurup, zauna, babu inda za ki. Bismillah.

Ƙarfe ɗaya ta ɗan gota Nusaiba ta sauka daga keke a bakin Babbar Kasuwa. Daga ofis ta zame ko izini ba ta nema ba. Da sauri ta haura benen da shagon Jamaluddeen mai buga hotuna yake, wanda ta ba wa aikin littafin tun ranar Litinin.

Yana ganinta ya kawar da kai.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Yauwa, Malam Jamalu. An gama?"

"Zauna tukuna."

"Ni fa ba na son zauna tukunan nan. An gama ko ba a gama ba?"

Ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

Littafin hotuna ne babba mai shafi talatin, kowane shafi fuska ɗaya tak, ta cika takardar. Haka Nusaiba ta tsara shi tun ranar da likitan ido na Mando ya faɗa musu gaskiya: hawan jinin ido ya gama da idon Ummansu na hagu, na daman ma yana rufewa ta gefe, wata biyu ko uku ya rage. Waya ba ta ganuwa a wurinta yanzu, sai abu babba a cikin haske. Abu ɗaya Umma ta roƙa, a nuna mata fuskokin 'ya'yanta da jikokinta da ta Malam kafin duhun ya ƙaraso.

"Ashirin da tara sun yi kyau," in ji Jamaluddeen yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. "Na ƙara musu haske, don takarda ta fi waya duhu. Na bar fili a gefe kada wuƙar yanka ta cinye kan wani. Waɗannan ko yanzu kika ce a buga, a buga."

"Saura ɗaya."

"Saura ɗaya."

"Na shafin farko?"

Ya gyaɗa kai.

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na numfasa. A rasa wanda zai ba da matsala duk cikin talatin ɗin nan sai na Malam Yahaya, mahaifinsu, wanda ya rasu shekara guda da wata biyu da suka wuce. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantarwa a zaurensa na Unguwar Dosa bai taɓa tsayawa gaban kyamara da son ransa ba. A wurin ɗaurin aure in ya ga an ɗaga waya, juya baya yake yi. Na fasfo ɗinsa hatimi ya cinye rabin fuskar, na katin ɗan ƙasa kuwa bai fi farcen babban yatsa ba. Hoto ɗaya ne a duniya da Malam yake dariya a ciki, ranar sunan jikansa, yana riƙe da jaririn, aka ɗauka bai sani ba.

"Me ya same shi?" ta tambaya. "A wayata ai tas yake fitowa."

"A waya zai fito. Nauyinsa kilobait talatin da shida ne, Hajiya. Sauran kowanne ya haura megabait uku."

"Yi min Hausa."

"Yadi ɗaya kika kawo min kika ce in ɗinka babbar riga."

Ta sake kallon hoton.

"A ina kika samo shi?"

"Firdausi, 'yar baffanmu ta Kawo, ita ta turo min."

"Ita kuma fa?"

"A status ɗin wata ta gan shi ranar rasuwa, ta ɗauki hoton fuskar wayarta."

Jamaluddeen ya dafe kai. "Kin ga halin mutanenmu kenan. A tura hoto gurup, a goge daga waya wai ta cika, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ajiye. Duk sanda aka ɗauko shi aka sake ɗorawa sai an matse shi. Wannan Allah kaɗai ya san hannu nawa ya bi."

Ya jawo durowa ya ciro wata takarda mai sheƙi.

"Na gwada bugawa, kada ki ce ƙyuya ce ta hana ni."

Ta karɓa.

Babu Malam a ciki. Wasu ƙananan gidaje ne murabba'i, fari da toka da ruwan ƙasa. Gemu da wuyan riga sun haɗe, idanun sun zama ɗigon baƙi guda biyu, dariyar da take ta ba wa Umma labari ta koma wani dogon dushi-dushi.

"A rage girmansa fa?"

"Kamar kwalin ashana zai yi kyau. Hajiya Umma za ta iya ganin kwalin ashana?"

Ba za ta iya ba. Dukansu sun sani.

"Asalinsa nake nema," ya ce. "Daga wayar da ta ɗauka, a turo min shi a dokumen, ba ta hanyar da kuka saba ba. Wa ya ɗauka?"

"Yayana. Yaya Sharhabil."

"To ai magana ta ƙare. Kira shi."

Magana ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Sati uku kenan tana bin Yaya Sharhabil a kan hoton nan. Yau ya ce zai duba, gobe ya ce wayar ta lalace, jibi ya ce ɗalibai sun yi masa yawa tunda shi ya gaji zauren Malam. Ta danna lambarsa da ɓacin rai. Aka yi sa'a yana cikin kasuwar, layin masu littattafai. Ta ce ko ya hawo ko ta sauko ta same shi a gaban mutane.

Minti goma sai ga shi da leda a hannu. Ya yi sallama, ya ba wa Jamaluddeen hannu, ya ƙi kallon ƙanwarsa.

Ta miƙa masa takardar.

"Ga Malam."

Ya kalla sau ɗaya ya mayar da ita kife a kan tebur.

"Malam Sharhabilu," in ji Jamaluddeen, "ko wayar ta lalace ba a rasa ba. In akwai imel ɗinka a cikinta, sau da yawa hotuna suna hawa can da kansu. Shigar min da shi a nan mu duba."

"Ba ya can."

"Mu dai duba, minti biyu ne."

"Na ce ba ya can."

"Ya aka yi ka sani, Yaya?" Nusaiba ta katse. "Ka duba ne?"

Sharhabil ya ajiye ledarsa a kan tebur.

"Da hannuna na cire shi."

Jamaluddeen ya kalli wannan ya kalli waccan, ya lalubi takalmansa. "Bari in je in yi azahar," ya ce, ya fice ya ja musu ƙofa.

"Maimaita, Yaya. Ban ji ba."

"Kin ji."

"Ka goge?"

"Na goge."

"Hoton Malam?"

"Shi ya sa ni."

Ta nemi kujera ta zauna.

"Saura kwana huɗu ya rasu," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ya sa kowa ya fita daga ɗaki ya bar ni. Ya ce, Sharhabilu, ranar sunan ɗanka ka zaci ban gan ka ba? Na gan ka a bayan ƙofa da waya. Na yi shiru ne don kada in kunyata ka a gaban surukanka. Ɗauko wayar."

"Sai ka ɗauko."

"Sai na ɗauko. Ya ce in goge yana kallo. Na goge. Ya ce, babu sauran wani wurin da yake? Nusaiba, mutum yana kwance numfashi yana yi masa wuya, in ce masa me? Na ce akwai kwandon sharar wayar, akwai imel. Ya ce duka. Na bi na cire duka."

"Malamai nawa ne suka ce hoton waya ba komai ba ne? Kai ma da bakinka ka taɓa faɗa mana!"

"Ba fatawa na bi ba. Mahaifina na bi."

"Ita kuma mahaifiyarka fa? Ita ba ta da haƙƙi?"

"A lokacin idonta ƙalau yake. Wa ya san haka za ta faru?"

"Shi ne sati uku kana kallona ina yawo gida-gida ina roƙon mutane su buɗe min wayoyinsu? Har Kawo na je cikin ruwan sama, Yaya. Ka bar ni ina zagin wayata, ina cewa ita ta cinye min wanda ka turo min mai kyau tun ranar sunan..."

Ta tsaya.

Ta ɗago a hankali ta dube shi. Shi kuma ya juya yana kallon bango.

"Yaya."

Ya ƙi juyowa.

"Ranar sadakar uku. Ka ce cajinka ya ƙare, in ba ka wayata ka kira masu tabarmi."

"Nusaiba..."

"Har na buɗe maka ita da yatsana. Ina kuka na miƙa maka."

"Ya ce duk wanda na tura wa in bi in karɓo. Wasiyya ce."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ke da Anti Salamatu ne kaɗai na tura wa mai kyau. Ita na faɗa mata, ta goge da kanta. Ke na san ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ka sace."

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Sata ce! Ka shiga wayata ina cikin makoki ka ɗauke min ubana!"

Wallahi ban ga laifinta ba. Ku da kuke kare Yaya Sharhabil a ƙasan kowane shafi, ku zo ku kare shi yau in gani.

Sai dai abin da ya biyo baya ya kashe min jiki. Ƙaton mutum, mai gemu, mai ɗalibai sama da sittin, ya durƙusa a gaban teburin mai hoto ya rufe fuska da hula.

"Kin zaci ni ba na nemansa?" ya ce. "Shekaranjiya ɗana Umar ya tambaye ni, Abba, ya kamannin kakana yake, wanda ya yi min huɗuba? Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na ce yana da gemu. Wane tsoho ne ba shi da gemu? Sau uku ina kai tsohuwar wayar nan wurin masu gyara ko za su tono shi. Sun ce abin da aka goge fiye da shekara, aka yi ta ɗora wasu a kai, ya tafi."

"Umma ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kullum sai ta ce min, ka ba wa ƙanwarka hoton nan mana. In ce to."

Hawaye kawai Nusaiba take yi, ba ta ko sharewa. Fushin ma ya gudu ya bar ta, don babu abin da zai dawo da hoton.

A haka Jamaluddeen ya dawo ya same su. Ya daɗe a tsaye yana wasa da carbi kafin ya ce, "Akwai abu ɗaya. Amma ni ba na son sa."

"Faɗi," in ji Nusaiba.

"AI ɗin nan da ake ta magana. Akwai manhajar da ake ba wa hoton da ya fashe, ta fito da shi tas."

Ta miƙe tsaye. "Shi ne tun ɗazu ba ka faɗa ba?"

"Tsaya, Hajiya. Ba dawo da hoton take yi ba. Abin da ya tafi ya tafi. Canka take yi. Ta kalli inda ido ya kamata ya zauna ta sa ido, ta kalli inda baki yake ta sa baki. Na wa? Oho."

"Gwada."

Ya gwada. Wani layi ya bi ta kan hoton daga hagu zuwa dama, sai ga fuska ta fito, har silin gemu ana iya ƙirgawa. Kyakkyawan tsoho, haƙora jere farare, fata sumul.

Ba su taɓa ganinsa ba.

"Ina wushiryarsa?" in ji Nusaiba. "Malam yana da wushirya. Yana da bille a kumatun hagu. Kuma bai kai haka fari ba."

"Ba ta san da su ba. Babu su a cikin abin da muka ba ta."

"Sake."

Ya sake. Wani tsohon ya fito, daban da na farko. Ya sake na uku, wannan har da ɗan kumatu, alhali Malam bai taɓa ƙiba ba. Hula ɗaya, riga ɗaya, jariri ɗaya a hannu, maza uku.

"Zan iya zana masa billen da hannu," in ji Jamaluddeen a sanyaye. "In buɗa haƙoran gaban, in rage hasken fatar. Amma ni ban san shi ba, Hajiya. Abin da kika faɗa min zan zana."

"Na biyun. Hancin ya ɗan yi kusa."

"Nusaiba," in ji Sharhabil.

"Billen daga gefen hanci ya taso, ya gangaro nan."

"Nusaiba, wannan ba Malam ba ne."

"Na sani."

"Kada ki kai wa Umma baƙon namiji ki ce mijinta ne."

Ta juyo. "To me zan kai mata? Ka bar mana wani abu ne? Wata biyu likita ya ce, Yaya. Ɗaya ya kusa ƙarewa ina yawo."

Ya ɗauki ledarsa ya fita, ko sallama babu.

Awa ɗaya suka yi suna gyara. A matsa billen sama, a dawo da shi ƙasa, a ƙanƙance ido. Tun tana cewa ba haka ba har ta daina, saboda wani abin tsoro da ta lura da shi: duk sanda ta ƙara kallon tsohon kwamfutar, fuskar Malam ta gaske sai ta ƙara yi mata nisa. Da Jamaluddeen ya tambaye ta ko girar ta yi daidai, ba ta sani ba.

"Buga min wannan shafin kaɗai," ta ce. "In Umma ta karɓa, ka haɗa littafin ranar Juma'a."

Ya buga, ya sa mata a babbar ambulan. Bai ce Allah ya sa ta yi farin ciki ba, ya ce, "Allah ya kyauta."

Bayan la'asar ta isa Unguwar Dosa. Umma tana tsakar gida a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen rana kamar yadda take yi kullum yanzu.

"Auta ce? Na ji takunki."

"Ni ce, Umma. Sannu da gida."

"Kin zo da shi?"

Ko gaisuwar ba ta amsa ba. Nusaiba ta durƙusa, ta zaro takardar, ta ɗora mata a hannu.

Umma ta goge tafinta a zani kafin ta riƙe da kyau. Ta kawo ta dab da idon dama. Ta karkata kai. Ta matsar da takardar gefe, ta dawo da ita, tana bin ta kaɗan-kaɗan, daga hula zuwa gemu. Ta sa yatsa ta shafa billen da aka zana ɗazu.

Ta daɗe tana kallo.

"Ina ganin mutum," in ji Umma. "Yana dariya."

"E, Umma."

"Auta, matso in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Ta matsa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina ɗakin Malam, ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo ba. Mu haka aka tarbiyyantar da mu. Ya shigo, ki sunkuyar da kai. Ki ajiye abinci idonki a kan kwano. Ƙafafunsa na sani, da hannunsa, da tarinsa in ya taso daga zaure. Ina ta cewa ai yana nan, wata rana na kalle shi da kyau."

Hawaye ya gangaro daga idon da ya mutu da wanda ya rage.

"Yanzu in na rufe ido muryarsa ce take zuwa. Fuskar ba ta zuwa. Shi ya sa na dame ku. Ina so in riƙe ta ne in shiga duhun da ita."

Nusaiba ta toshe bakinta da mayafi.

"Wannan zan riƙe. In dai shi ne, yau zan haddace shi. Ke idonki lafiya yake, ki faɗa min tsakani da Allah. Shi ne?"

Kafin ta buɗe baki aka yi sallama daga zaure. Yaya Sharhabil ya shigo da ledarsa, ya ga takardar a hannun Umma, ya tsaya cak.

Umma ta juya wajen takunsa, ta ɗaga masa hoton da hannu biyu.

"Yauwa, ga yayanki ma. Zo nan, kai da ka ɗauke shi da hannunka. Duba min da kyau. Malam ne wannan?"